Ƙofa Ɗaya Mai Mabuɗi Biyar: Buƙatar Gyaran Hukumomin Duniya Domin Kare Jama'a Daga Gwamnatocinsu

Gabatarwa

Ranar 11 ga Afrilun 1994, sojojin Beljiyam da ke aiki a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya suka kwashe kayansu daga wata makarantar koyon sana'a a unguwar Kicukiro ta birnin Kigali. Mutum kusan 2,000, yawancinsu 'yan Tutsi, sun fake a harabarta domin sun ga shuɗiyar hula sun ɗauka sun tsira. Fitar motocin ke da wuya sai 'yan bangar Interahamwe suka auka musu, aka kora da yawansu zuwa tudun Nyanza aka hallaka su. Bayan kwana goma, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar daga soja kusan 2,500 zuwa 270. Cikin kwana ɗari an kashe kimanin mutum 800,000 a Ruwanda.

Doka tana nan tun 1948, lokacin da aka amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi. Labari ma ya iso da wuri, domin tun watan Janairu kwamandan rundunar, Janar Roméo Dallaire, ya aika wa hedikwata gargaɗin ana tara makamai. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, matsalar tana ga wanda ke riƙe da ikon yanke shawara. Muddin ceton al'umma ya dogara ga yardar ƙasashe biyar, za a ci gaba da ihu bayan hari.

Inda Gizo Yake Saƙa

An gina Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 domin hana yaƙi tsakanin ƙasashe, kuma kundinta ya hana shisshigi a harkokin cikin gida. Azzaluman shugabanni sun daɗe suna fakewa da wannan sharaɗi. Masanin nan ɗan Sudan, Francis Deng, na cikin waɗanda suka karya wannan hujja, inda ya nuna cewa mulki amana ce, wanda ya ci amanar kuwa ba shi da bakin cewa a bar shi da gidansa. Taron shugabannin duniya na 2005 ya karɓi wannan fahimta da sunan Alhakin Kare Jama'a: kowace gwamnati ta kare mutanenta daga kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, korar ƙabila da cin zarafin bil'adama, in ta gaza duniya ta shigo.

Sai dai taron ya bar mabuɗin a hannun Kwamitin Sulhu, inda Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin kowace ke iya hawa kujerar na-ƙi. Siriya ta nuna illar haka. Daga Oktoban 2011 Rasha ta daƙile ƙudurori fiye da goma a kan rikicin, kuma a Mayun 2014 ita da Sin suka hana a miƙa batun ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Haka Amurka ta sha yi a kan abin da ya shafi Isra'ila da Falasɗinawa. Uku daga cikin ƙasashen biyar ba su ma cikin kotun, amma suna da ikon tura wasu gabanta. Ko Darfur da aka miƙa mata a 2005, sammacin kama shugaban Sudan na lokacin, Omar al-Bashir, na 2009 bai hana shi zuwa Abuja a 2013 da Afirka ta Kudu a 2015 ya koma gida lafiya ba.

Darasin Libiya

Masu tsoron shisshigi suna da hujja, kuma wajibi ne a saurare su. A Maris 2011 ƙuduri mai lamba 1973 ya ba da izinin kare farar hula a Libiya, amma hare-haren NATO suka ƙare da kifar da gwamnatin Gaddafi. Makaman da suka bazu daga rumbunansa sun ƙara rura wutar Mali da yankin Sahel baki ɗaya, mu ma hayaƙin ya same mu. Saboda haka duk gyaran da za a yi dole ya ɗaure mai kai ɗauki kamar yadda ya ɗaure azzalumi: izini mai iyaka, wa'adi bayyananne, da rahoto a kai a kai ga waɗanda suka ba da izinin, kamar yadda Brazil ta ba da shawara a ƙarshen 2011.

Gyaran Da Zai Yiwu

Soke kujerar na-ƙi abu ne mai wuyar gaske, domin sashe na 108 ya ce kundin ba ya sauyawa sai da amincewar ƙasashen biyar. Tun 1965, da aka ƙara kujeru daga 11 zuwa 15, Kwamitin bai sake sauya fasali ba. Matsayar Ezulwini ta 2005, wadda ta nema wa Afirka kujeru biyu na dindindin, haƙƙi ne da ya dace a biya, amma ƙarin masu na-ƙi ƙarin kwaɗo ne a ƙofar da take rufe. Abin yi shi ne a buɗe wasu ƙofofin.

Na farko, a sa hawa kujerar ya yi tsada. A 2015 Faransa da Meziko sun nemi a daina amfani da ita idan ana kisan gilla. A Afrilun 2022, bisa jagorancin ƙaramar ƙasar Liechtenstein, Babban Zauren Majalisa ya yanke cewa zai zauna cikin kwana goma na aiki duk lokacin da aka hau ta. Ya kamata zaman ya wuce jawabai, ya riƙa fitar da shawarar mataki, tunda ƙudurin Haɗuwa Domin Zaman Lafiya na 1950 ya buɗe wannan hanya.

Na biyu, a ƙarfafa tattara shaida da shari'a. Babban Zauren ne ya kafa hukumar adana hujjojin laifukan Siriya a 2016, kuma a 2022 wata kotu a Koblenz ta Jamus ta yi wa tsohon jami'in leƙen asirin Siriya Anwar Raslan ɗaurin rai da rai. A 2019 Gambiya ta gurfanar da Myanmar a Kotun Duniya kan Musulmin Rohingya, bayan fiye da 700,000 sun tsere zuwa Bangladesh. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira izinin Kwamitin Sulhu.

Na uku, Afirka ta cika alƙawarinta. Sashe na 4(h) na kundin Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a Lome a 2000, ya ba ta ikon shiga ƙasar da ake irin wannan ta'asa. Amma da aka tsara tura soja 5,000 Burundi a Disambar 2015, shugabanni suka ja da baya da gwamnatin ƙasar ta ƙi. Duk da haka, kotun musamman da aka kafa a Dakar ta yanke wa tsohon shugaban Chadi Hissène Habré ɗaurin rai da rai a 2016, bayan waɗanda suka tsira daga gidajen yarinsa sun shafe shekara fiye da ashirin suna bin kadi.

Kammalawa

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙasar da take riƙe amanar mutanenta ba ta da abin tsoro a waɗannan gyare-gyare. Wanda za su tayar wa hankali shi ne shugaban da ya saba lissafin cewa aboki ɗaya a Kwamitin Sulhu ya ishe shi kariya. Ma'aunin kowace shawara ta gyara shi ne halin mutanen da suka fake a makarantar Kicukiro: idan aka rufe musu ƙofa ɗaya, a samu wata da za su ƙwanƙwasa tun motocin ba su tashi ba.