Tarihin Koyar da Ilmin Balaga a Ƙasar Gobir

Duk lokacin da aka ta da zancen koya wa 'yan makarantun sakandare ilmin balaga da haihuwa, sai a ji wasu suna cewa baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Amma wanda ya bi tarihin ƙasar Gobir, musamman yankin Sabon Birni da Isa, zai tarar ilmin ya daɗe a ƙasar. Hannun da ke ba da shi ne ya yi ta canzawa.

A zamanin da, gida shi ne makarantar farko. Saboda kunya, uwa ba ta iya buɗe baki ta yi wa 'yarta wannan bayani, balle 'yar fari wadda ko sunanta ba ta faɗa. Don haka sai nauyin ya koma kan kaka da goggo da ungozoma, su ne ke yi wa yarinya bayani ran da ta fara ganin al'ada, su kuma ƙara mata gargaɗi idan aka sa ta a lalle. A fada kuwa akwai Innar Gobir, shugabar mata, wadda har yanzu ana riƙe da sarautarta a Sabon Birni.

Sai kuma makarantar ilmi. Littattafan fiƙihu irin su Ahlari da Ishmawi da Risala ana shiga su ne ta babin tsarki, inda ake bayanin janaba da haila da jinin biƙi ɓaro-ɓaro. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi wa'azinsa a Ɗagel ta ƙasar Gobir, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin addininsu, a cikin littafinsa Nurul Albabi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa wa jaji malfa, ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata. Ashe ke nan babu lokacin da malaman ƙasar nan suka ɗauki shiru a kan wannan al'amari a matsayin ladabi.

Zuwan boko ne ya kawo giɓi. Bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, yara da yawa suka wuce makarantun kwana, wato suka bar goggo da malamin zaure daidai shekarun da suka fi bukatarsu. Malamin aji kuwa iyakarsa darasin kimiyyar halittu na cin jarrabawa. Da aka ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, aka kuma yi taron Alƙahira kan yawan jama'a a 1994, sai hukuma ta farga. Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da koyar da darasin a 1999, manhaja ta fito a 2001. Malamai da iyaye, musamman a Arewa, suka ƙi ta, har aka gyara ta a 2003, aka sa mata sunan ilmin zaman iyali da ƙanjamau. A 2022 kuma Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurnin a cire darasin daga manhaja.

A halin nan ne ta'addancin 'yan bindiga ya auka wa gabashin Sakkwato, har gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana na bakin iyaka a ƙarshen 2020. Ƙauyuka sun watse, iyalai sun yi gudun hijira, wasu har cikin jihar Maraɗi. Yarinyar da ta rasa goggo, ta rasa aji, ita ce ke fuskantar goyon ciki tun ƙugunta bai ƙosa ba, da doguwar naƙuda, da ciwon yoyon fitsari.

Darasin da tarihi ya bari a fili yake. Manhajar da aka rubuta daga nesa ta gamu da turjiya, alhali jajin Nana Asma'u ta shiga gidaje lafiya, domin 'yar gari ce, da harshen gari take magana, kuma hujjarta daga littafin da mutane suka yarda da shi take. Jami'in ilmi da ke son wannan darasi ya zauna a Isa ko Sabon Birni, to, ya fara da horar da malamai mata 'yan ƙasar, ya kuma zauna da malaman zaure da ungozomomi tun kafin a buga shafin farko.