3.2 Tarihin Iyakar Jibiya da Ma'anar Launi a Waƙa

Ba za a fahimci yadda mawaƙan ƙasar Katsina suke sarrafa launi ba, sai an waiwayi tarihin da ya raba su gida biyu. A shekarar 1807 ne masu jihadi suka ci Birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya hau mulki, zuriyar sarakunan da aka ture kuwa ta yi arewa, inda Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Ke nan yankin Jibiya ya zama bakin daga tun kafin Turawan Ingila da Faransa su ƙulla yarjejeniyar 1906, wadda ta bar Jibiya a Nijeriya, Ɗan Isa kuma a Nijar.

Abin lura a nan shi ne, waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, alal misali "Baƙin Mari" da "Jan Mari", ba fatar jiki suke nufi da launi ba. Baƙi hoton zunubi ne da duhun kabari, ja hoton wuta ne, fari kuwa na tsira, bisa koyarwar Alƙur'ani cewa wasu fuskoki za su yi fari, wasu su yi baƙi ranar alƙiyama. Saboda haka kuskure ne babba mai nazari ya ɗauka cewa Bafulatani ne fari, Bahaushe ne baƙi a irin waɗannan baitoci, domin a cikin rundunar jihadin akwai Hausawa da yawa, sannan mai wa'azi bai keɓe kowa daga tsoratarwarsa ba. Aiki yake aunawa, ba asali ba.

Daga baya ne launi ya ɗauki wani nauyi. Nijar ta zaɓi tutarta a 1959, mai ruwan goro da fari da kore. Ta Nijeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana, mai kore da fari, an ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Fari da kore dai suna cikin duka biyun, ruwan goro kaɗai ya bambanta su. To amma a ƙarƙashin waɗannan tutoci aka rufe iyakar a 1984, da 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har Bakatsinen Jibiya ya kasa kai gaisuwar mutuwa ga ɗan'uwansa na Maraɗi sai ta ɓarauniyar hanya.