Isnadin Ilmin Anishinaabe da Malaman Kwaleji

A kewayen manyan tafkunan nan da ke tsakanin Amurka da Kanada, tun kafin Turawa su san hanyar wurin, akwai al'ummar da ke kiran kanta Anishinaabe, wadda ta ƙunshi Ojibwe da Odawa da Potawatomi, kuma ilmin da ta gada, na magani da tarihi da ibada da girbin shinkafar tafki, ba ta taɓa ɗaukarsa abin da ake tsinta a kan hanya ba. Mai neman sani yakan je wa dattijo da 'yar taba a hannu, ya miƙa, ya faɗi bukatarsa. In an karɓa, to, alkawari ya ƙullu tsakaninsu. Hikayoyinsu masu alfarma ba a bayar da su sai da hunturu, bayan ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, haka nan asirran jama'ar Midewiwin, ƙungiyar ibadarsu, waɗanda aka zana a ɓawon itace, ba mai sharhinsu sai wanda ya hau matakansu ɗaya bayan ɗaya har aka yi masa izini. Wanda ya tashi a zauren malamai ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin isnadi ne da ijaza, ko da yake aƙida ta sha bamban ƙwarai.

Wannan silsila ce makarantun kwana da Turawa suka kafa wa 'ya'yan 'yan asalin ƙasa suka yi nufin tsinkewa, tun daga ta Carlisle da Richard Pratt ya buɗe a 1879, har zuwa ta Mount Pleasant a Mishigan, wadda ta yi aiki daga 1893 zuwa 1934, inda ake raba yaro da iyayensa, a aske masa kai, a hore shi in ya yi magana da harshen uwarsa. Abin takaici ma ya fi yawa a Sault Ste. Marie ta Kanada, domin kuwa Sarki Shingwauk na Ojibwe ne da kansa ya yi burin a kafa wa jama'arsa ɗakin karatu inda ilmin Turawa zai zauna tare da nasu, 'ya'yansa suka yi yawon neman kuɗi bayan rasuwarsa, aka buɗe makarantar a 1873, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta rikiɗe ta zama irin waɗancan, ba a rufe ta ba sai a 1970. A cikin gininta ne Jami'ar Algoma take yau, tana ba da digiri a harshen da aka taɓa dukan yara saboda shi.

Al'amari ya fara juyawa ne a 1969, shekarar da Jami'ar Minesota ta kafa sashen nazarin 'yan asalin ƙasa, Jami'ar Trent a Kanada ita ma ta yi haka. Daga nan ƙabilun suka shiga kafa kwalejojin kansu: Turtle Mountain a 1972, Lac Courte Oreilles a 1982, Bay Mills a 1984, Fond du Lac a 1987, Leech Lake a 1990, White Earth a 1997.

Sai dai gina aji abu ne mai sauƙi bisa ga samun wanda zai tsaya a gabansa. Dattawan da suka riƙe harshe da fasaha, galibinsu ba su da takardar shaidar da hukumomin tantance kwalejoji ke nema, matasan da suka dawo da digiri kuwa, da yawansu jikokin 'yan makarantar kwana ne, sun tashi a gidajen da aka daina magana da harshen, ilminsu game da kakanninsu na littafi ne, littafin ma sau da yawa baƙo ne ya wallafa shi. Ba a sami mafita ba sai da aka koma ga tsohuwar hanya, wato mai digiri ya durƙusa gaban marar digiri. John Nichols, masanin harsuna, ya yi shekaru yana ɗaukar karatu wurin Maude Kegg, dattijuwar Mille Lacs wadda ta rasu a 1996, daga bisani shi da Earl Nyholm, malami a Jami'ar Bemidji, suka fitar da ƙamus na Ojibwe a 1995 wanda ya zama abokin tafiyar ɗaliban harshen. Anton Treuer, wanda ya yi karatu a Princeton, bai ga wannan ya ishe shi ba, sai da ya lazimci Archie Mosay, babban shehin Midewiwin a Wiskonsin, yana yi masa hidima yana saurare, kafin ya tattara maganganun dattawa cikin harshensu a littafin da ya fitar a 2001.

A ganina, a nan ne hikimar renon sababbin malamai take, kuma a nan ne wahalarsa take. Tsara manhaja da gyaran jarrabawa, kowane tsohon malami zai iya nuna wa sabo cikin zango guda. Abin da ke cin shekaru shi ne ladabi: ya san hikayar da ba a karantarwa da bazara ko da jadawali ya kawo ta, ya san abin da ake rubutawa da abin da ba a ɗauka a faifai, ya ambaci wanda ya ba shi kowace magana da garinsu, domin lafazin Red Lake ba na Manitoulin ba ne, kuma ya fahimci cewa halartar jana'iza ko fita girbin shinkafa tare da jama'a wani ɓangare ne na aikinsa, ko da ofishin kwaleji bai lissafa shi ba. Ga albashi kaɗan, ga darussa jibgi, ga manyan jami'o'i suna zawarcin duk wanda ya ƙware, shi ya sa sashen da ya dogara da mutum ɗaya ko biyu yakan durƙushe ranar da suka yi ritaya.

Bukatar kuwa ƙaruwa take yi. Makarantar Waadookodaading da aka buɗe a 2001 kusa da garin Hayward a Wiskonsin tana koyar da yara lissafi da kimiyya cikin Ojibwe zalla, kuma malaman irin waɗannan makarantu daga kwalejojin nan ake sa ran su fito, alhali a ɓangaren Amurka masu harshen tun daga nono sun tsufa, adadinsu yana raguwa kowace shekara. Wannan ne ya sa Jami'ar Minesota ta ɗora ƙamus a intanet a 2012, da muryoyin dattawan kansu, kowace murya da sunan mai ita da yankin da ya fito.