Tarihin Fitilar Azumi: Daga Madina Zuwa Matazu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, ɗalibaina kan tambaye ni game da hotunan fitilun Ramadan da suke gani a intanet: shin addini ne ko bidi'a? Amsar tana cikin tarihi.

Ibnu Majah ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa Tamimud Dari (RA) ne farkon wanda ya kunna fitila a masallaci. A shekara ta 14 bayan Hijira, Sayyidina Umar (RA) ya tara jama'a bayan Ubayyu ɗan Ka'ab domin sallar tarawihi, daren azumi ya zama na taruwa, bukatar haske kuma ta ƙaru.

Ita kuwa fitilar ado da Misrawa ke kira fanus, ana danganta ta da zamanin Fatimiyyawa. An ce lokacin da Al-Mu'izz ya shiga Alƙahira cikin Ramadan na 362 Hijiriyya, wato 973 Miladiyya, mutane suka tarye shi da fitilu. Daga nan ta zama al'adar yara har yau.

Mu ma a Matazu muna da namu tarihin hasken. Kakanninmu aci-balbal suke kunnawa, da man gyaɗa da lagwanin auduga, duka amfanin gonakinmu. Almajirai suka haddace Alƙur'ani a gindin wutar kara. Bayan zuwan Turawa fitilar ƙwai mai kananzir ta shigo, ta haskaka zaurukan malamai da masallatai, ta raka 'yan tashe gida-gida bayan goma ga wata. Yanzu sola da tocilan waya sun gaje ta.

Abin da na fahimta shi ne, fitila al'ada ce, ba ibada ba. Wanda ya rataya ta don farin cikin watan, ba tare da almubazzaranci ba, bai yi laifi ba; wanda ya ƙudurta lada cikin rataya ta, ya ƙara wa addini abin da babu. Magabata sun kunna ta ne domin a ga sahu da Mus'hafi. Mu da haskenmu ya ninka nasu, me muke karantawa da shi cikin daren azumi?

Allah Ya haskaka zukatanmu da ƙaburburan iyayenmu. Wallahu a'alam.