Ruwan Zafi a Ƙasar Dutsin-Ma: Itace, Hita da Tukunyar Gas

Mu masu aikin wayarin a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, hunturu ne kakarmu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, kiran da aka fi yi mana bai wuce soket ya narke, ko fis ya ƙone, ko hita ta daina ja ba. Duk abu ɗaya ke jawo wannan, wato neman ruwan ɗumi na alwalar asuba da na wankan yara kafin su tafi makaranta.

Kafin a san mu, sana'ar dafa ruwa a hannun mata take, kuma har gobe su suka fi mu saninta. Babban aikinta shi ne wankan jego. Tun ciki na wata bakwai ko takwas maigida yake fara tara itacen wanka, domin kwana arba'in za a yi ana hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya ko rabin duro, safe da yamma, ana tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya ana fyaɗa wa mai jego. A ƙauyuka irin su Makera, idan ka ga an jibge itace a ƙofar gida, ka san ana jiran ƙaruwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. An rage zafin a gidaje da dama, amma wankan yana nan, buƙatar ruwan ma tana nan.

An kafa NEPA a 1972, kuma a hankali wuta ta yi ta shiga garuruwan da ke bakin titi. Waɗanda suka koya mana aiki sun ce a farko ƙwan fitila da rediyo da fanka kawai ake ja wa waya, saboda haka siririyar waya ake sa wa a gida, ta kuma wadatar. Hita ce ta zo ta canza lissafin. Ina nufin ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake tsomawa a bokiti. Hita mai ƙarfin wat 1,500 tana jan kusan amfiya shida da rabi, ita kaɗai ta fi dukkan fitilun gida da fankokinsa ci. Idan aka cusa ta a soket ɗin da aka yi domin rediyo, waya za ta yi zafi a cikin bango ba wanda ya gani, sai wari ya tashi. Daga nan ne magabatanmu suka fara ware wa hita layinta daban, da waya mai kauri da makunni nata. Wannan shi ne darasin farko da ake ba yaron shago, na biyu kuma shi ne kada a taɓa kunna hita ba a cikin ruwa ba, domin nan take za ta ƙone, kada kuma a sa hannu a ji ɗumin ruwa alhali fulogi na jikin bango. Hitar da fatarta ta tsage takan sa wa ruwan bokitin gaba ɗaya wuta, ga shi yawancin tsofaffin gidajenmu ba a binne masu ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ba.

A gefe guda kuma, a wancan lokacin risho ne ke mulki a gidajen malaman makaranta da ma'aikata. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, kananzir yana da araha, kowa ya iya gyara lagwani. Da ƙarancinsa ya tsananta a zamanin Abacha, sai aka koma murhun dusar katako wanda har aka laƙaba wa sunansa. Cire tallafin kananzir a 2016 shi ya ƙarasa rishon.

Babbar hita ta jikin bango, mai tanki, ba ta taɓa yin kasuwa sosai a nan ba. Tana buƙatar ruwan famfo mai ƙarfi ko tanki a sama, ga shi duk da madatsar Zobe da aka kammala a 1983 tana kusa da mu, gidaje da yawa da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse suka dogara. Idan tankin hitar ya wofinta aka kunna, ƙarfenta ya tafi. Na karanta yadda ake yi da ita a motocin nan masu ɗakin kwana da Amurkawa ke ja zuwa yawon daji. Tankinsu ƙarami ne, galan shida, kimanin lita 23, kuma yana da hanya biyu: idan an sauka inda akwai wuta a jona, idan babu a kunna gas. Gargaɗin da suke yi wa juna shi ne namu, a cika tanki kafin a taɓa makunni. Su kamfani ne ya haɗa masu hanyoyin biyu a akwati ɗaya. Mu kuwa matar gida ce take haɗa su da kanta, hita a rataye a ƙusa, tukunyar gas a lungu, gawayi a buhu saboda ranar da duka biyun suka ƙi.

Gas ya shigo mana a makare. Kamfanin NLNG ya fara ware wa kasuwar cikin gida iskar girki a 2007, amma a nan sai bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 muka ga sauyi da idonmu. Ɗalibai ne suka zo da ƙananan tukwane masu kilo uku da kilo shida, waɗanda ake ɗaura kan murhu a bakinsu, masu gidajen haya suka gani, maƙwabta suka gani, tsoro ya fara raguwa. Da yawa daga cikinmu a lokacin muka koyi canza tiyo da regileta, da gwada yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Muka koyi cewa gas ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, don haka buɗe taga ta sama kaɗai ba ta isa, sai an buɗe ƙofa.

Tambayar da ake yi mana kullum ita ce wanne ya fi sauƙi, wuta ko gas. Ga lissafin. Bokiti mai lita 20, a ɗaga shi daga sanyin asuba zuwa ɗumin wanka, yana cin fiye da rabin yunit na wuta kaɗan, kuma hita mai wat 1,500 za ta gama cikin minti ashirin da 'yan kai. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai yunit goma sha biyu da ɗoriya, sai dai kusan rabinsa yana bin gefen tukunya ya tafi, don haka ka ƙaddara bokiti goma a kilo. A takarda wuta ce ke cin nasara, domin hita tana cikin ruwan, ba abin da ke zubewa. To amma sai wutar ta zo, kuma ta zo da ƙarfinta. Idan ta faɗo daga bolt 230 zuwa 160, zafin hita yakan ragu da kimanin rabi, kuma daidai asubar hunturu, lokacin da kowa ya kunna tasa, taransifoma ta fi nauyi. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukar hita, sola ta gida mai batir ɗaya ma haka. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, arewa ta yi kwanaki a duhu, mai tukunyar gas ne kawai bai koma toka ba. Shawarar da nake ba kowa ita ce ya riƙe biyun.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan ci gaban bai kai ga mai jego ba. Ruwanta ba bokiti ɗaya ba ne, kuma tafasa shi ake yi, wanda ke cin ninki uku na abin da ɗumamawa ke ci. Babu magidancin ƙauye da zai iya yin kwana arba'in a kan gas, balle bayan tsadar da ta biyo cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Itacen kuma ya yi nisa, shiga dajin Rugu da kewayensa ya zama kasada saboda 'yan bindiga, mata da yara ke bin gonaki suna tsintar kara.

Akwai na'urar da rana ke ɗumama ruwa kai tsaye a cikin bututan gilashi, ba batir, ba waya, tankinta yana riƙe zafi har wayewar gari. Ko da ba ta tafasa ruwan ba, za ta rage itacen da za a ƙona sosai, in dai ana share mata ƙurar hunturu. Kuɗin sayenta ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma bai fi ƙarfin masallaci ko asibitin unguwa ko ƙungiyar mata ba. Yaran da ke shagona yanzu ina koya masu haɗa famfo tare da wayarin, domin wanda zai kafa ta sai ya iya ɗaga tanki, ya daidaita bututu, ya kuma san inda zai fuskantar da ita kudu.