Rigar Da Ke Cin Shekara Guda

'Yan'uwa mazauna Sabo, duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Oje a nan Badun ya ji masu sayar da aso-oke na kiran sunaye uku da suka fi daraja a wajensu: sanyan, etu da alaari. Yawancinmu wucewa muke yi, a ganinmu kayan bikin Yarabawa ne kawai. Alhali ukun nan kakanninmu sun san su sarai. Sanyan shi ne tsamiya, zaren da ake samu daga gidan wata tsutsar daji bayan an dafa shi da toka. Etu ɗan'uwan saƙi ne, mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Alaari kuwa ko a kunne ka ji alharini, jan silikin da raƙuma ke ɗaukowa daga Tarabulus zuwa Kano, fatake su gangaro da shi Ilori da kudu.

To amma kafin zare ya zama haja, aikin gida ne, kuma da lokaci yake tafiya. Da damina, bayan an gama shukar hatsi, sai maigida ya shuka auduga. Ba za a tsince ta ba sai kaka ta wuce, hunturu ya kama. Daga nan aiki ya koma cikin gida. Mata su gurje ta su fitar da gurya, su shiɓe ta, sannan a zauna kaɗi. Tsohuwa da mazarinta da taskirarta, da ɗan alli a yatsa, za ta kai tsakar dare tana kaɗi a gaban fitila, jikoki kewaye da ita ana gatanan gatanan ku. Mai hannu ta fitar da siririn zare, mai koyo ta fitar da abawa, kowanne da kasuwarsa. Kada ku raina kuɗin nan. Da su uwa ke tara wa 'yarta tasoshi da kwanonin aure, shekara da shekaru, ba tare da ta roƙi miji ba.

Da rani, gona ta huta, masaƙi ya kafa masaƙarsa a inuwa, ya miƙe zare ya ɗaure shi a kunkuru, ƙoshiya na kai da komo. Ƙwarya-ƙwarya yake fitarwa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai maɗinki ya harhaɗa. In mai baƙi ce a kai ta marina, daga can mabuga. Sannan a zo kan aiki, wato aska biyu ko aska takwas da tambari. Sau da yawa malamai ne ke zana shi da alƙalami da tawada, almajirai su bi da allura tsakanin karatun safe da na yamma, wata da watanni. Kafin maigida ya sa ta ranar Salla, wata daminar ta kawo kai. Hannu nawa ke nan a jikin riga ɗaya? Shi ya sa ba a yar da ita. In ta koɗe a mayar da ita marina ta dawo sabuwa, in mai ita ya rasu ta shiga gado.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga can a shekara sun kai wuri miliyan 300, har Tambutu ana sa su. Turawan Ingila sun yi kwaɗayin audugar nan. Sun kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, dogo ya isa Kano a 1911, suna jiran taragai cike da ita. Sai masaƙan gida suka fi su saye da tsada, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Ni dai wannan labari yana min daɗi. Tsofaffi da mazari suka ka da lissafin Manchesta, ko da na ɗan lokaci ne.

Lokacin da aka keɓe mana Sabo a 1916, goro da shanu suka riƙe unguwar, amma allura ma ta biyo mu. Babu gonar auduga a nan, don haka kaɗi bai yi saiwa ba, ɗinkin hula da aikin riga ne suka zauna a zaurukan masu gida. Abin da ya rage na saƙar hannu a Arewa kuwa, yadin kanti ya ci shi sannu a hankali. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ita ma zamaninta ya wuce, kayan Sin suka cika kasuwa. Maƙwabtanmu na Iseyin har yau suna kan masaƙa, don biki ba ya cika a wajensu sai dangi sun fito da aso-oke iri ɗaya.

A gidajen Sabo akwai adakoki da rigunan tsamiya da saƙi ke kwance a ƙasansu, asu na ci. Dillalan kayan da suna zagayawa suna saye, su tura Turai. Wanda ke da irinta ya fito da ita ya shanya in hunturu ya shigo, ya tambayi tsohuwar gidan wa ya kaɗa zaren, a wane gari aka saƙa, wa ya fara sa ta, ya rubuta a takarda ya naɗe tare da rigar.