Na'urar da Ke Leƙa Cikin Hadari

A watan Disambar 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam Nimbus-5, ɗauke da wata na'ura da David Staelin na jami'ar MIT ya jagoranci aikinta. Ba hoto take ɗauka ba, saurare take yi. Iskar oksijin da tururin ruwa suna fitar da raunanan igiyoyin maikirowef, kuma da su ake auna zafin iska da danshinta hawa-hawa. Babban alherin shi ne, gajimare bai cika tare su ba.

Sai magada suka biyo baya: na'urar MSU mai tashoshin saurare 4 a 1978, AMSU a 1998, ATMS mai tashoshi 22 a 2011.

Sai dai duk a kan taurarin ƙasa-ƙasa aka ɗora su, masu shawagi a tsayin kilomita ɗari takwas da 'yan kai, waɗanda sau biyu a rana suke ratsa wuri. Hadarin damina a Sahel kuwa ba ya jiran kowa. Ya haɗu da la'asar, ya tafka ruwa, ya nausa yamma kafin gari ya waye. Taurarin Meteosat, da tun 1977 ake girke su saman Tekun Gini a nisan kilomita 35,786, ba sa ɗauke ido daga kansa, amma saman gajimaren kaɗai suke gani. Wannan giɓi abin damuwa ne ga duk wanda ambaliya ta taɓa yi wa ɓarna.

Me ya hana a kai na'urar can sama? Nisa. Tazarar ta ninka fiye da sau 40, don haka eriyar da ba ta wuce faranti ba sai ta koma mai faɗin mitoci, kuma dole ta riƙa juyawa.

Don kauce wa wannan matsala, a cibiyar JPL ta NASA, Bjorn Lambrigtsen da abokan aikinsa suka aro dabarar masu nazarin taurari da rediyo: a jera ƙananan eriyoyi a siffar harafin Y, kwamfuta ta haɗa abin da suka jiyo. Suka ƙera samfurin GeoSTAR mai eriya 24, ya yi aiki a gwajin ƙasa, amma ba a harba shi ba. Turai da Sin ma sun ƙera nasu samfurin.

A watan Mayun 2023 NASA ta bi wata hanyar. Ta harba ƙananan taurari huɗu na shirin TROPICS daga New Zealand, domin su riƙa karɓa-karɓa suna leƙa cikin guguwar teku kusan kowace awa.